Yanda za ka shirya tafiyar kayak ta kwana da kwanaki a kogin Sun Kosi na Nepal

Kafin maganar tikiti da biza, ka iya ruwa? Yawancin mu 'yan Katsina iyakar mu da ruwa mu je dam ɗin Zobe ko na Jibiya mu tsaya a baki mu ci soyayyen kifi mu dawo, to in kai ma haka kake, ka fara daga nan. Ka koyi iyo sosai har ka iya daɗewa a cikin ruwa ba tare da ka ruɗe ba, kuma kar ka je dam kai kaɗai da sunan gwaji, ka nemi wurin wanka na otal da wanda zai tsaya a kanka.

Shi kayak ƙaramin kwale-kwale ne na roba mai cin mutum ɗaya, kana zaune ƙafafunka a miƙe a ciki, an rufe bakin shi da wani abu da ka ɗaura a ƙugu dan kar ruwa ya shiga, filafilinka mai kai biyu. Kifewa kam sai ka kife, kowa na kifewa. Abu biyu za ka koya, na farko yanda za ka fizge murfin nan ka fito alhali kanka na ƙasa a cikin ruwa, na biyu yanda za ka juyo da kwale-kwalen da ƙugunka da filafili ba tare da ka fita ba. Wannan na biyun ba a koyon shi a bidiyo wallahi, sai da malami. Akwai masu koyarwa na 'yan kwanaki a Nepal ɗin, akwai kuma a Jinja ta Yuganda a kan kogin Nilu, amma 'yan kwanaki ba za su mai da kai gwani ba.

Ana auna ƙarfin gudun ruwa da hatsarinsa daga mataki na 1, mafi sauƙi, zuwa na 6, mafi hatsari. Sun Kosi yawanci 3 ne zuwa 4, tsawon tafiyar wajen kilomita 270, ana shiga a Dolalghat gabas da Katmandu, babban birnin Nepal, a fita a Chatara, kwana takwas ko sama da haka. Lokacin zuwa Oktoba da Nuwamba ne, bayan damina ta ɗauke, dan cikin damina kogin haukacewa yake.

Shawarata ka bi kamfanin da ke tafiya da babban kwale-kwalen roba na hurawa, shi ke ɗaukar abinci da tantuna, kuma in aka iso wuri mai hatsari irin Harkapur ana tsayawa a fito a duba ruwan daga baki, in ka ga ya fi ƙarfinka ka koma cikin babban ko ka zagaya da ƙafa, ba abin kunya ba ne, masu kirarin jarumta su ne ake cirowa da igiya. Ka tambaye su tun kana gida: masu ceto nawa ke bin tawagar a kayak, kuma su ne za su ba ka hular kwano da rigar da ke hana nutsewa?

In ka faɗa ruwa mai gudu, kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa. Kar ka ce za ka miƙe tsaye ko da ka ji ƙasa kusa, ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka. In aka jefo igiya ka riƙe ta a ƙirji, kar ka naɗa ta a hannu.

Biza kuwa, mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgin Katmandu, dole ka samo ta daga ofishin jakadancin Nepal kafin ka tashi, dan haka ka fara da wuri. Ka tafi da katin rigakafin shawara, ka yanki inshorar da ta rubuta wasan ruwa da ɗauko mutum da helikwafta ƙarara.

Kaya kaɗan, duk a jakar da ruwa ba ya shiga. Banda rigar auduga a cikin ruwa, in ta jiƙe sanyi take jawowa. Tocila, fawa bank, takalmi mai ɗauri, rigar sanyi ta dare dan a kan yashin bakin kogi ake kwana. Abinci mafi yawa shinkafa ce da miyar wani irin ƙaramin wake da ganye, in kana shakkar yanka ka ce musu ba ka cin nama, sai ka ƙulla kilishinka da garin kwaki in an bari ka shiga da su. Sallah kuma matafiyi ne kai, ka yi ƙasaru, ka gaya wa jagora tun da safe cewa za ka haɗa azahar da la'asar lokacin da aka tsaya cin abincin rana.