Gyambon da ya ƙi warkewa: inda ake kuskure wajen gano tarin fukar ƙashi

"Ai ba ya tari." Da wannan maganar iyaye kan kore zancen tarin fuka, wani sa'in ma'aikacin lafiya ma ya biye musu. Alhali ƙwayar tarin fuka, wato tibi, tana cin ƙashi. Kusan rabin masu irin wannan a ƙashin baya take kama su, sai ƙugu da gwiwa, kuma da yawansu hoton ƙirjinsu fes yake fitowa. Ciwon baya na watanni, rama, zufar dare da kumburi mara zafi sun isa a yi zargi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan kumburin ya fashe, ko wanzami ya tsaga shi, ya bar rami yana tsiyayar mugunya. Ta nan ƙwayoyin fata ke kutsawa, musamman Staphylococcus aureus. Sai a goga auduga a bakin ramin a kai gwaji, sakamako ya nuna ita, kowa ya ce an kama ɓarawo. Ɗan rakiya aka kama, uban tafiyar yana can cikin ƙashi. A ba da magani, zazzaɓi ya sauka, wari ya ragu, bayan wata biyu gyambo ya dawo.

Ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis, ya fi ɓata lissafi, don yana danne tibi ba tare da ya kashe ta ba, gwaji ya zo ya rasa ta.

Gyaran shi ne likita ya ɗebo tsoka ko mugunya daga can ciki, a raba uku: gwajin GeneXpert, da ke nuna tibi da ko ta bijire wa maganinta rifampicin cikin kamar awa 2, rainon ƙwayoyin cuta, wanda na tibi kan kai mako 6 zuwa 8, sai duban tsoka a madubin likita. Kada a tsunduma duka a formalin, ruwan da ake adana tsoka a ciki don kada ta ruɓe. Na sha ganin haka, kuma abin da ya shiga formalin ba ya rainuwa.

Hoton ƙashi kan fito lafiya a farkon ciwo, hoton MRI, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya fi shi gani. A gwada HIV. Mai sikila kuma a tuna da ƙwayar cutar Salmonella, don ita ma takan kama masa ƙashi.

Daga Kaduna ana iya tura mai wuyar ganewa cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, Zariya. In ta tabbata cuta biyu ce, tibi da ƙwayar da ta kutsa ta ramin, kowacce da maganinta. Na tibin ƙashi wata 12 ake sha, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati.