Lokacin da ya dace a fesa wa tafasa da garmani magani a makiyaya

Ku fesa wa tafasa da garmani magani tun suna ƙanana, bayan damina ta zauna, kafin su kai gwiwa ko su yi fure. Ku zaɓi 2,4-D, ku bar glyphosate.

Dalili kuwa shi ne, 2,4-D yana kashe tsirrai masu faɗin ganye, ya ƙyale ciyawa irin su gamba da kyasuwa, alhali glyphosate yana ƙone kusan duk wani kore da ya taɓa. Ganyen ƙaramin tsiro yana da taushi, yana shan magani da sauri, amma idan kara ya yi ƙwari har ya fara 'ya'ya, sai ku ga ganye ya murɗe kawai, iri kuma ya zube yana jiran baɗi. Ba sai kun bi fili duka ba. Ku nufi inda suka yi cunkoso, magani zai yi muku auki.

Dabarar ba ta aiki idan ruwan sama ya sauka jim kaɗan bayan feshi. Kada ku fesa ana iska, domin maganin yana lalata waken maƙwabci da audugarsa da tumatirinsa, kuma idan kun shuka lablab (waken da ake shukawa domin abincin dabbobi) a filin, shi ma zai kashe shi.

Ku hana dabbobi shiga har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika. Don Allah ku sanar da matan da ke tsinkar tafasa domin kwaɗo, kada su ɗebi ganyen da aka fesa.