Kurakuran da sababbin zuwa ke yi da rubber duck

Na gaji da maimaita wa kowa magana ɗaya, bari in rubuta kawai.

Sunan tukuna. In ɗan Afirka ta Kudu ya ce maka gobe za a fita da rubber duck, ba agwagwar robar da yara ke wasa da ita a baho yake nufi ba, kwale-kwalen roba ne da ake hura wa iska, da inji a bayansa. 'Yan Ostireliya ma kusan haka suke kiran na masu ceto a bakin teku. Ni ranar farko dariya na yi, aka bi ni da kallo.

Wanda ya ci min kuɗi shi ne iska. A Umkomaas ne, kudu da Durban, da sanyin asuba na dage na buga famfo har robar ta yi tauri kamar ganga, ina jin daɗi wai na iya, na bar shi kan tirela cikin rana na tafi neman shayi, kafin in dawo wajen haɗin ya ɓalle, fiiii, gefe guda ya kwanta. Iska in ta sha zafi kumbura take yi malam! Mai jirgin bai ce min uffan ba, takardar kuɗin gyara kawai ya miƙo min, wata biyu ina biya. Yawancin irin waɗannan kwale-kwalen wajen bar 0.2 suke so (bar ma'aunin matsin iska ne), amma duba abin da aka rubuta a jikin naka. Ni yanzu danna babban yatsa nake, in bai ɗan lotsa ba sai in sace iska kaɗan, rana na yi kuma in sake dubawa. Wasu na cewa sai da geji, wato na'urar auna matsin iska, to su suka sani.

Sai ku masu ɗaukar bidiyo lokacin da direba ke ƙoƙarin keta igiyar ruwa zuwa Aliwal Shoal, wani tudun duwatsu a ƙarƙashin teku kusa da Umkomaas inda ake zuwa nutso. Haba dan Allah! An ce zura ƙafa cikin maɗauri, riƙe igiya hannu biyu, kai kana fama da waya. Na ga ƙato ya tashi sama ya dawo da haɓa kan tankin iskar masu nutso, jini har riga.

Jar igiyar nan mai kashe inji in direba ya faɗa ruwa, in kai ke tuƙi ɗaura ta a jikinka, ba ado ba ce. Rigar ceto tun kafin a tura jirgi. Ƙugiyar kifi nesa da roba. In an dawo a wanke injin da ruwan famfo, gishiri na cinye shi ta ciki.