Darasi na Tara: Idan Linux Ta Ƙi Aiki, Daga Ina Za a Fara?

Linux manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, irin aikin da Windows ke yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a shekarar 1991, ya sake ta kyauta, wanda ya iya ya gyara, wanda ya ga dama ya ƙara. Shi ya sa ta rabu iri-iri. Akwai Debian da aka fara a 1993, akwai Ubuntu da kamfanin Canonical ya fitar a 2004, sai Linux Mint wadda aka gina a kan Ubuntu. Umarnin da ke cikin darasin nan na waɗannan ukun ne, domin gida ɗaya suka fito. Mai amfani da Fedora zai tarar wasu sun bambanta.

Linux ba ta ɓoye ciwonta. Kusan duk abin da ya lalace, tana rubuta shi a wani wuri, kuma mai haƙurin karantawa zai gani. Abin da ke kayar da sabon mai koyo shi ne gaggawa: da abu ya ƙi, sai ya goge komai ya sake ɗorawa. Idan faifan ajiya ne ya fara mutuwa, ko sau goma ka sake ɗorawa, nan za ka dawo, ga kuma asarar takardunka. Saboda haka ka ajiye littafi da biro kusa. Duk saƙon da ya fito a fuskar kwamfuta, ka kwafe shi harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu huɗu a tare, ko ta gyaru bai san wanne ne ya gyara ta ba.

Lokacin ɗorawa

Ana sauke Linux daga intanet a fayil guda mai ƙarewa da .iso. Idan intanet ta yanke a tsakiya, fayil ɗin zai iya zuwa da naƙasa ba tare da ka sani ba, sai ɗorawa ta tsaya a rabi. Masu Linux suna wallafa wata doguwar lamba da ake kira SHA256 kusa da kowane fayil. A kan Linux, idan ka rubuta `sha256sum` da sunan fayil ɗin, za ta fitar da lambar wanda ke hannunka. Harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ba shi da kyau, sake saukewa.

Kwafe fayil ɗin zuwa filashi kamar yadda ake kwafe hoto ba ya aiki. Sai an rubuta shi da manhaja irin Rufus ko balenaEtcher, kuma rubutun zai goge duk abin da ke cikin filashin. Mai girman gigabait 8 ya isa.

Ka soka filashi, ka kunna, amma Windows ce ta fito? Ba ka buɗe jerin zaɓin tashi ba ne. Da zarar ka kunna, ka riƙa danna madannin da ke buɗe shi: F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 ko Esc a HP. Idan kuwa filashin ya fara tashi sai fuska ta yi baƙi ƙirin, yawanci katin hoto ne bai jitu da direban da aka zo da shi ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki da kwamfuta. Sake kunnawa ka zaɓi layin da Ubuntu ta rubuta wa safe graphics, ko compatibility mode a Mint.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce manhajar ɗorawa ta ce ba ta ga faifan ajiya ba, alhali yana ciki lafiya lau. A kwamfutoci da yawa masu Intel, an saita faifan a kan tsarin RST ko RAID, Linux kuwa AHCI take nema. A cikin BIOS ake sauya shi, wato saitin kwamfuta da ake shiga tun kafin Windows ko Linux ta tashi. To amma a nan sai ka tsaya: idan akwai Windows a kan kwamfutar kuma kana son ta, sauya wannan saiti ba tare da an shirya ta ba yana iya hana ta tashi. Nemi wanda ya saba ya zauna da kai. Haka kuma, mai son Windows da Linux su zauna tare ya kashe Fast Startup a Windows, kuma idan an kulle faifan da BitLocker, ya rubuta lambar buɗewa mai alƙaluma 48 a takarda tun kafin ya taɓa komai.

Zaɓin da ke cewa Erase disk yana nufin share faifan gaba ɗaya, hotuna da takardu da Windows da komai. Babu dawowa. Kwafe kayanka zuwa wani wuri tukuna.

Kada ka goge filashin nan

Bayan an gama ɗorawa mutane kan goge filashin su zuba wani abu. Ni dai shawarata ka adana shi, domin shi ne alƙalin da zai raba maka gardama. Linux tana iya aiki daga kan filashi ba tare da ta taɓa faifanka ba. Duk ranar da wani abu ya lalace, tashi kwamfutar daga filashin ka gwada. Idan sauti ko Wi-Fi ya yi aiki a can, to na'urar lafiya take, laifin na saitin da ke kan faifanka ne. Idan a can ma ya ƙi, sai ka fara zargin na'urar kanta ko rashin direba. Ta wannan hanya kuma ake ceto takardu daga kwamfutar da ta ƙi tashi.

Idan ta yi nauyi

Buɗe tagar umarni, wato Terminal. A Ubuntu da Mint, danna Ctrl da Alt da T a tare. Kada baƙar tagar ta ba ka tsoro, umarni ukun nan dubawa kawai suke yi, ba sa sauya komai.

Na farko `free -h`. Yana nuna RAM, wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai yanzu. Sababbi kan firgita idan suka ga lambar da ke ƙarƙashin free ta yi ƙasa sosai. Ba ita ce abin dubawa ba. Linux takan ari RAM da ba a amfani da shi ta ajiye abubuwa don sauri, kuma tana sakinsa da zarar an buƙata. Lambar da ke ƙarƙashin available ita ce gaskiyar abin da ya rage. Idan ita ce ta kusa ƙarewa, layin Swap kuma ya cika, to kwamfutar ta koma aron wuri a kan faifai, shi kuwa faifai ba ya kama ƙafar RAM wajen sauri. Nan nauyin yake.

Na biyu `top`. Manhajar da ke saman jerin ita ce ta fi cin ƙarfin kwamfuta. Sau da yawa burauza ce mai shafuka ashirin a buɗe. Danna q don fita.

Na uku `df -h`. Duba layin da ke ƙarewa da alamar / kaɗai. Idan ya kai kashi 100 cikin 100, abubuwa za su fara lalacewa, har shiga ma tana iya gagara. `sudo apt clean` da `sudo apt autoremove` suna share tarkacen da sabuntawa ta bari.

Wani lokaci babu abin da ya lalace, kaya ne suka fi ƙarfin jaki. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 za ta yi nishi da Ubuntu ta yau da kullum, amma ta samu sauƙi da Lubuntu, ko Mint mai Xfce, waɗanda ba su da nauyi. Tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa kuwa, babu umarnin da zai yi mata abin da sauya shi da SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, zai yi. Sai zafi: idan fanka na ihu kuma kwamfutar na rage gudu ko tana mutuwa da kanta, duba ko ƙura ta toshe hanyar iska.

Wi-Fi, hoto da sauti

Kafin ka zargi Linux, rubuta `rfkill list`. Idan ka ga Hard blocked: yes, wani maɓalli ne a jikin kwamfutar ko a kan madannai ya kashe Wi-Fi, kunna shi kawai. Idan Soft blocked ne, `rfkill unblock wifi` zai buɗe. Idan ba wannan ba ne, `lspci` zai jera na'urorin da ke ciki da sunan masu ƙera su, `lsusb` kuma waɗanda aka soka daga waje. Katin Wi-Fi na Broadcom ya yi ƙaurin suna a nan, domin da yawansu suna buƙatar direban da ba ya zuwa a ɗore. Ga direba a intanet, ga shi ba ka da intanet. Mafita ita ce ka haɗa wayarka da kebul, ka kunna raba intanet ta USB a wayar, sannan ka buɗe Driver Manager a Mint ko Additional Drivers a Ubuntu.

A nan kuma ake samun direban katin hoto na NVIDIA. Idan Secure Boot, wani saitin tsaro na BIOS, na kunne, mai yiwuwa a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, in an nema kuwa bayan sake kunnawa wata shuɗiyar fuska za ta fito. Kada ka tsallake ta. Zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar, in ba haka ba direban ba zai tashi ba.

Sauti kuwa, fara da duba ko ya karkata zuwa HDMI, wato kafar haɗa talabijin, ko an rufe shi a saiti. Galibi ke nan.

Bayan sabuntawa

Jiya lafiya, yau ka sabunta, abu ya ƙi. Linux takan ajiye tsohuwar zuciyarta saboda irin wannan rana. Lokacin tashi riƙe Shift, ko ka danna Esc a sababbin kwamfutoci, jerin zaɓin tashi na Linux, wato GRUB, zai fito. Shiga Advanced options ka zaɓi wadda lambarta ta fi ƙanƙanta. Idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar sabuntawa, rubuta `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt --fix-broken install`. Saƙon Could not get lock ba lalacewa ba ce, wata sabuntawar ce ke gudana a ɓoye. Jira ta gama.

Idan fuska ta daskare, gwada Ctrl da Alt da F3 kafin ka danne maɓallin kashewa. Za ka samu fuskar rubutu zalla, ka shiga da sunanka. Kalmar sirri ba ta bayyana yayin da kake buga ta, ko tauraro ba za ka gani ba, haka aka yi ta. Daga nan `journalctl -b -p err` zai nuna kurakuran da aka rubuta tun kunnawar nan. Ba kowane jan layi ne abin damuwa ba, lafiyayyar kwamfuta ma tana da su. Amma idan I/O error na maimaituwa tare da sunan faifanka, irin sda ko nvme0n1, bar duk abin da kake yi ka kwashe takardunka yanzu, sannan ka duba lafiyar faifan a manhajar Disks. Kwamfutar da ke daskarewa babu tsari, yau a wannan aiki gobe a wancan, a gwada RAM ɗinta da Memtest86+, a bar shi ya yi zagaye cikakke.

Kalmar `sudo` tana ba umarni ikon taɓa ko'ina. Kada ka manna umarnin da ba ka san aikinsa ba, musamman mai ɗauke da `rm -rf`, wanda ke sharewa ba tambaya, ba ya kuma ajiyewa a kwandon shara. Idan za ka nemi taimako, tafi da abu huɗu: irin Linux ɗinka da lambarta, wanda `cat /etc/os-release` zai nuna, da samfurin kwamfutar, da saƙon kamar yadda ya fito, da abin da ka yi na ƙarshe kafin ta lalace.

Aikin yi

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya rubuta `free -h` da `df -h`, ya kwafe lambar available da kason da faifansa ya cika a littafinsa. Sannan ɗaya ya rufe ido, ɗayan ya kashe Wi-Fi ko ya karkatar da sauti, na farkon ya gano abin da aka taɓa, yana faɗin kowane mataki da baki kafin ya yi shi. Ku kawo littattafanku darasi na gaba.