Yadda za ka gwada shafin da malami ya haɗa wa ajinsa a intanet

Yanzu malamai da yawa na haɗa wa ajinsu shafi a intanet, wani da Google Sites, wani da WordPress ko Blogger, kuma gaskiya sun cancanci yabo don aiki ne suka ɗora wa kansu bayan wahalar koyarwa. Sai dai ba kowane shafi ke biyan buƙata ba, don haka ko kai uba ne ko shugaban makaranta ko ma malamin da ya haɗa shi, ya kamata ka gwada shi da kanka.

Ni dai in zan gwada, ajiye kwamfuta nake in ɗau waya. Ka ɗauka kai ne uwar da ta dawo a gajiye da daddare, ga yaro ya tsaya mata a ka yana cewa gobe za a karɓi aikin gida, to buɗe shafin ka nemo aikin wannan satin. In ka danna sau uku huɗu ba ka gan shi ba, ko sai ka yi ta jan rubutu hagu da dama kafin ka karanta layi ɗaya, akwai gyara, komai kyan furannin da aka zuba a shafin farko.

Daga nan sai kwanan wata, kuma wallahi nan ne aka fi samun matsala. Na taɓa ganin sanarwar jarrabawa a saman shafin ajin yarona ɓaro-ɓaro, ba rana ba wata, muka kwana biyu muna bita hankali a tashe, ashe ta zangon da ya wuce ce ba a cire ba. Duk sanarwa ta zo da ranar da aka sa ta da ranar da za a kawo aikin, kuma "gobe" ko "ranar Litinin" kawai ba su isa ba, wace Litinin ɗin? Ka danna duk wani linki kuma, wani zai kai ka 404, wato saƙon da ke nuna ba a sami shafin ba, wani fayil ne a Google Drive da malamin ya manta bai buɗe wa kowa ba, shi a wayarsa yana buɗewa lafiya lau, kai kuwa sai a ce ka nemi izini.

Abin da ya fi damuna shi ne sirrin yara. Ka fita daga akawun ɗinka ka sake buɗe shafin kamar baƙo, duk abin da ka gani a haka duk duniya na iya gani. In akwai hoton yaro haɗe da cikakken sunansa, ko makin jarrabawar kowa a jere, ko lokacin tashi daga makaranta kusa da fuskokinsu, wannan a yi magana ranar, kar a bari sai taron iyaye. Ba ƙaramin abu ba ne, Amurka tun 1998 take da dokar COPPA kan tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba, Tarayyar Turai kuma dokarta ta kare bayanan mutane, wato GDPR, ta fara aiki a 2018. In akwai fom da ake cikewa, duba ko adireshin shafin ya fara da https, alamar cewa bayanan da aka cike a ɓoye za su tafi.

Sai karantuwa. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari wahalar da ido yake, ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, ma cewa ta yi bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1. Sannan malamin da ke ɗaukar hoton allo ya ɗora maimakon ya rubuta, ya sani manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba lallai ta iya karanta hoton ba. Bidiyo mai nauyi shi ma cin data ne, gara a sa taƙaitaccen bayani a ƙasansa.

Ka ɗauki darasi ɗaya ka haɗa da littafin yaron ka ga ko sun yi daidai, ka duba ko an faɗi inda aka samo abin da aka kwafo, da yadda za a tuntuɓi malamin da lokacin da yake amsawa. In za ka kai masa gyara, kar ka ce "shafin nan da matsala" kawai, ɗauki hoton sikirin ka tura masa kai da shi, ka ce Malam, linkin lissafi na ranar 12 ga wata ba ya buɗewa a waya.