Kurakuran da Masu Sabbin Majemu Suke Yi Kan Dokar Muhalli

Na gaji da ganin yara matasa suna buɗe ƙaramar majema a Sharaɗa ko Challawa a Kano suna maimaita abin da ya kusa kai ni ƙasa, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babban kuskure shi ne ɗaukar takarda a matsayin an gama da hukuma. Mutum zai biya a yi masa rahoton muhalli, ya rataye satifiket a ofis, ya gina tankin tace ruwa don a gani, sannan ya kashe famfon saboda tsadar dizal, ba a kunna shi sai ranar da aka ji ƴan NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, za su zo. Wallahi ni ma haka na yi shekara biyu, ina ganin dabara ce, har ranar da wani mai saye daga Italiya ya turo wakilinsa ba sanarwa, bai ko kalli bangon ofis ba, kai tsaye ya wuce bakin lambatu ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ce in kawo littafin awo na wata shida. Ba ni da shi. Cinikin nan ya tashi, kuma da shi nake biyan rabin ma'aikatana, sai da na sallami mutane masu iyali, abin har yau yana ci min rai. Turai fa tun 2015 ta hana shigar da kayan fata mai taɓa jiki idan nau'in kurom (sinadarin jima) mai guba a ciki ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya, to wanda ke bin wannan ƙa'ida ba zai yarda da takardar bango ba. Yanzu kullum da safe kafin in sha shayi sai na tsoma takardar awon tsami a ruwan da ke fita, na rubuta da hannuna, duk wata kuma in kai samfur lab.

Na biyu, auna nasara da yawan fata kawai. Ka tambayi manaja ya aiki, ya ce yau mun fitar da kaza. To ruwa nawa ka sha, gishiri nawa, kurom nawa ya bi kwata? Shiru. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kurom ɗin da kake zubawa a durom fata ba ta shanye shi, kuɗinka ne da ka saya da dala yake gangarawa kogi. Ni na daina ba da kyautar ƙarshen wata kan yawan fata, na mayar da ita kan wanda ya rage ruwa da sinadari, wasu abokan sana'a na ganin ɓata lokaci ne amma ni na ga bambanci a aljihuna. Kuma ku ji tsoron Allah mana! Ruwan masana'antun Bompai ta rafin Getsi yake bi ya faɗa kogin Jakara har dam ɗin Wasai, da shi ake ban ruwan latas da kabejin da matarka za ta saya gobe, na Challawa kuma cikin kogin da gari ke sha yake shiga. Mun ga yadda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, sannan wani ya zo yana ce min doka ce ke kashe masana'antu, alhali rashin wuta da tsadar mai ne suka rufe da yawa daga cikinsu.

Kada ka haɗa ruwan jiƙon cire gashi da ruwan kurom a rami ɗaya, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi kuma tana kashe mutum nan take, kar ka tura yaro ya shiga yasar ramin haka kawai.

Binciken tasirin muhalli kafin gini ake yin sa, dokar tun 1992 take nan, ba sai ka kafa injin ba.

Na goro kuwa ba ya gyara ruwa, wata uku wani jami'in zai zo. Kuma ka je ka gaida mai unguwa tun kafin wari ya kai ka gabansa, ka ba shi lambarka ya kira ka kai tsaye in an ga ruwa ya canja launi.