Darasi na 9: Renon Tiradeskantiya a Tsakar Gida

Duk wanda ya taɓa noma a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi ya san balasa. Ka sare ta da fartanya ka yar a kan kunya, kafin ka waiga ta sake kama ƙasa. Tiradeskantiya danginta ce, sai dai ita don ado ake shuka ta. Asalinta nahiyar Amurka ne, musamman Meksiko. An raɗa mata sunan John Tradescant, mai kula da lambun sarkin Ingila, wanda ya rasu a 1638, shi da ɗansa.

Akwai mai ganye da ratsin azurfa da shunayya, akwai kuma wadda duk jikinta shunayya ne, mai ɗan fure ruwan hoda. Renonsu ɗaya.

Ba sai kun sayi iri ba. Ku roƙi reshe ɗaya a wurin maƙwabta, tsawon yatsa ko ya ɗan fi. Ku duba jikinsa, za ku ga gaɓoɓi inda ganye ke fitowa. Daga nan saiwa ke tsirowa, don haka a yanka dab da ƙasan gaɓa. A tsinke ganyen ƙasa, a tsoma reshen cikin kwalba mai ruwa, gaɓa ɗaya ko biyu su nutse. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi kamar zare za su fito. A riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ya yi wari, sauro kuma ya samu gidan haya.

Mazubi kuwa ko fasasshen tulu ko tsohon bokiti ya isa, muddin an huda gindinsa. A cakuɗa ƙasa da yashi da ɗan takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. A dasa rassa uku ko huɗu tare don tukunyar ta cika.

Ruwa shi ne inda aka fi kuskure. Kada a zuba don kawai gari ya waye. A tura yatsa cikin ƙasa: in da danshi a bari, in ta bushe a ba ta har ya ɗigo ta ƙasa. Yawan ruwa na ruɓar da gindinta, reshen ya yi laushi ya baƙanta. Ragowar ruwan alwala ya wadatar, amma ban da ruwan wanki mai omo.

Tana son haske, amma ranar bazara irin ta Kebbi, ta watan Afrilu, ƙone ganyen take yi. Ƙarƙashin rumfa ko gefen darbejiya, inda hantsi ke taɓawa, ya fi. In ratsin ya dushe, reshe ya miƙe siriri, duhu ne ya yi mata yawa. Da hunturu bakin ganye kan bushe, sai a yayyafa ruwa a wanke ƙura. A riƙa tsinke kan reshe don ta yi rassa da yawa ta cika.

Ruwan jikinta na sa wasu ƙaiƙayi, a wanke hannu bayan yanka. Rassan da aka datse kada a zubar a fadama ko bakin lambu. A shanya su bushe ƙayau tukuna.

Aikin mako: kowa ya kawo reshe cikin kwalba, ya rubuta ranar da ya yanka a jikinta.